Shinkafa ba ta gyara waya

Duk wanda wayarsa ta taɓa faɗawa cikin bokiti ko kwata ya ji shawarar nan: a binne ta a ɗanyar shinkafa, ta yi kwana biyu. Zancen ba shi da tushe. Shinkafa ba ta iya zuƙo ruwan da ya riga ya shige ƙarƙashin fanel. Kamfanin Apple da kansa ya hana masu iPhone yin haka, a wani gargaɗi da ya bazu a 2024, domin ɓurɓushinta na iya shiga ya yi lahani. Wayoyin da ake cewa shinkafa ta cece su, iska ce ta busar da su.

Ba jiƙewar kaɗai ke kashe waya ba. Ruwan rijiya, shayi da gumi duk suna ɗauke da gishiri-gishiri, kuma idan suka haɗu da wutar batir sai su fara cin siraran layukan fanel da ƙafafun ƙananan sassan da ake kira aisi. Shi ya sa waya kan tashi garau, bayan mako biyu ta mutu, sannan a ɗora wa injiniya laifi. Kwana biyun da ta yi a buhu nan ne aka tafka asarar. Idan waya ta jiƙe, a kashe ta nan take, kada a jona ta a caji, kada a shanya ta a rana, a kai wa mai gyara ya cire batir ya wanke fanel da sifirit.

Shawarar da ta fi tayar mini da hankali ita ce ta batirin da ya kumbura, wai a huda shi da allura iskar ta fita. Don Allah kada a yi. Kumburin alama ce sinadaran ciki sun lalace suna fitar da gas, kuma batirin litiyam da aka huda yana iya kamawa da wuta a hannun mutum. Gobarar batir ce ta sa Samsung ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwa a 2016. Batirin da ya kumbura, canza shi kawai za a yi. Shi kuwa cajin awa takwas ga sabuwar waya, gado ne daga zamanin tsofaffin batiran nikel. Zafi ne maƙiyin na yanzu: caji a ƙarƙashin matashin kai, ko barin waya a mota da ranar bazara.

Akwai raɗe-raɗin da suka tabbata. An daɗe ana cewa kamfani na rage wa tsohuwar waya gudu, sai ga shi a Disambar 2017 Apple ya amsa cewa yana yi wa iPhone masu gajiyayyen batir haka, don kada su riƙa mutuwa ba zato. A 2020 Faransa ta ci shi tarar Yuro miliyan 25 saboda bai sanar da masu wayoyin ba. Zinariyar cikin waya ma gaskiya ce, har an ƙera lambobin gasar Olamfik ta Tokyo da ƙarafan tsofaffin na'urori, amma ta waya guda ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba.

To, masu gyara suna musanya kaya? Ba a rasa ɓata-gari, sai dai yi wa dubban matasan da ke cin halal ɗinsu a kasuwa irin Fam Santa ta Kano kuɗin goro zalunci ne. Sau da yawa abin da ake kira musaya, sikirin ne mai araha da mai wayar ya zaɓa da bakinsa. A tambayi ajin kayan kafin a biya, a kuma karɓi tsohon da aka cire.

Inda ya kamata a ji tsoro ba a cika ji ba. Mutane na miƙa waya da layinta a ciki, har da lambar buɗewa, alhali layin nan shi ke haɗe da asusun banki. Canjin batir ko ramin caji ba ya buƙatar a shiga hotunan kowa. A cire layi da memori kafin a miƙa, idan kuma za a gwada sikirin, mai wayar ya buɗe ta da hannunsa yana tsaye.