Yadda Ranar Al'adu Ta Mamaye Rayuwar Ɗalibai a Gombe

Idan ka tambayi wanda ya yi karatu a Zariya ko Kano shekaru talatin ko arba'in da suka wuce abin da ya fi tunawa bayan lacca da jarrabawa, zai ambaci wasan kwaikwayo, da muhawara, da daren karatun waƙa, da Makon Hausa. Idan ka yi wa ɗalibin Jami'ar Jihar Gombe na yau wannan tambaya, amsar da za ka fi ji ita ce ranar al'adu. Sashen karatu yana da tasa, ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukuma tana da tata, makon ɗalibai ma da wuya ya ƙare ba a ware mata yini ba. Taron yana ƙara girma da ƙawa kowace shekara, sauran harkokin da suke buƙatar zama da atisaye kuwa suna ja da baya. Ra'ayina shi ne wannan bai faru don ɗaliban yanzu sun fi na da son gargajiya ba. Yanayin da suke karatu a ciki ne ya rufe musu ƙofofi da yawa ya bar wannan a buɗe.

An kafa jami'ar a 2004, zamanin Gwamna Muhammad Ɗanjuma Goje, shekara takwas bayan an cire Jihar Gombe daga Bauchi a ranar 1 ga Oktoba, 1996. Shugabanta na farko, marigayi Farfesa Abdullahi Mahadi, masanin tarihi ne da ya fito daga Jami'ar Ahmadu Bello, kuma har gobe mutanen gari suna tuna shi da itatuwan da ya sa aka shuka da gidan namun dajin da ya kafa a harabar. Ya gina wuri mai inuwa da sanyi, wanda ke kiran mutum ya zauna bayan lacca. Sai dai jami'ar tana Tudun Wada ne, a cikin gari, kuma wannan shi ne mabuɗin fahimtar duk abin da ya biyo baya.

Jami'ar cikin gari ta jeka-ka-dawo ce ga ɗalibai masu yawa. Yarinya tana fitowa daga gidan iyayenta a Jekadafari ko Bolari ko Pantami ko Herwagana, ta hau Keke Napep da safe, kuma ana sa ran ganinta a gida kafin magariba. Saurayin ma sau da yawa akwai shagon babansa ko na yayansa da ke jiransa bayan la'asar. Waɗanda suka zo daga nesa, wasu suna ɗakunan kwanan makaranta, wasu sun kama haya a unguwannin da ke kewaye. Wasan kwaikwayo kuwa yana son mutum goma sha biyar su haɗu kowace yamma har tsawon wata guda ko biyu, suna haddace baituka da tsayuwa da motsi. Ƙungiyar muhawara tana son zama kowane mako. Wa zai zauna? Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take, ta yi nisa da birnin Zariya, ɗalibin da ya shiga ya shiga ke nan sai hutu, dole ya ƙirƙiri abin da zai cika darensa. Ɗalibin Gombe darensa na gida ne. Abin da zai iya bayarwa shi ne yini ɗaya, daga hantsi zuwa la'asar, kuma ranar al'adu daidai wannan take nema.

Tsaro ya ƙara ɗaure wannan. Mutanen Gombe ba su manta da bam ɗin tashar Dukku na Disamba 2014 ba, ko na babbar kasuwa a Yuli 2015, ana jajiberin ƙaramar Sallah. A waɗannan shekaru taron jama'a da dare ya zama abin tsoro a duk Arewa maso Gabas, makarantu suka tsananta bincike a ƙofa, iyaye suka rage wa 'ya'yansu lokacin dawowa. An samu sauƙi, alhamdu lillahi, amma ɗabi'ar ta zauna. Ga kuma fargabar 'yan Kalare da ƙwacen waya, wadda ita kaɗai ta isa ta sa uwa ta ce wa 'yarta ba inda za ta je bayan isha'i, ko da Shata ne ya dawo duniya zai yi wasa. Ban ga laifin uwar ba.

Sai kuma kalandar karatu. A 2020 annobar korona da yajin aikin ASUU na wata tara sun haɗu sun cinye kusan shekara. A 2022 an sake yin wani daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cif. Duk lokacin da aka dawo daga irin wannan, zangon karatu sai a matse shi, a yi lacca har Asabar, gwaji ya bi gwaji. Abin da ke fara mutuwa shi ne duk abin da ba a ba shi maki. Akwai wata asara da ba a cika lura da ita ba: ƙungiyar ɗalibai tana rayuwa ne ta hanyar manya su koya wa ƙanana kafin su fita. Idan aka rufe makaranta wata takwas, 'yan ajin ƙarshe suka dawo a guje suna neman kammalawa, sarƙar ta tsinke. Ranar al'adu ba ta buƙatar wannan gado. Kwamiti na mako uku, da rukunin WhatsApp, da mai karɓar kuɗi sun isa.

Babban dalilin da ya fi waɗannan zurfi shi ne yadda jihar take. Gombe ƙarama ce, ƙananan hukumomi 11, amma harsunanta suna da yawa. Akwai Fulani da Hausawa, akwai Tera a Yamaltu-Deba, Bolewa a Kwami da Funakaye da Nafaɗa, Tangale a Billiri da Kaltungo, Tula a Kaltungo, Waja da Cham da Dadiya a Balanga, Pero a Shongom, Jukun a Pindiga. Kafin 2004 yaran waɗannan al'ummomi suna warwatsuwa ne zuwa Maiduguri da Jos da Bauchi da Zariya, inda dukansu "'yan Gombe" ne. Da jami'a ta zo gida, sai kowa ya koma sunan garinsu. A aji ɗaya za ka samu ɗan Dukku da 'yar Talasse da ɗan Filiya, kuma kowa yana son a san cewa mutanensa ma suna nan. Ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomi da na masarautu su ne suka fi kowa jan wannan taro, domin a nan ne ake ganin yawansu. Haka abin yake a Jami'ar Tarayya ta Kashere da aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke kan hanyar Ashaka.

Kuma taro ne da kowa ya yarda da shi. Hukumar makaranta ba ta tsoronsa, don ba a zagin gwamnati a cikinsa kuma ba ita ke biya ba. Iyaye suna murna su ga 'yarsu cikin kayan kakanninta. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ta ɗalibai Kirista, waɗanda su ne suka fi kowace ƙungiya tsari da ɗorewa a makarantun Arewa tun shekarun 1950, ba su cika ɗaga murya a kansa ba kamar yadda za su yi a kan casun dare ko gasar sarauniyar kyau. Sannan ga waya. Rawani da alkyabba, da ƙwarya a ka, da duwatsun wuya, da baka da kwari, duk abubuwa ne masu kyau a hoto. Muhawarar awa biyu ba ta shiga TikTok.

To, me wannan ya haifar? Zan fara da alherin, don yana da yawa kuma ana raina shi. Akwai yaron da aka haifa a Jekadafari, ya yi firamare da sakandare a cikin gari, bai taɓa taka Tula ba, duk abin da ya sani game da kudancin jihar jita-jita ne. A ranar al'adu ne yake fara ganin abokin zamansa na aji, wanda kullum suke kwafar jadawali tare, ya fito cikin 'yan uwansa yana rawar garinsu, ana yi masa guɗa. Shi ma na kudun a nan yake ganin yadda ake naɗa rawani da yadda dogarai ke kirari. A jihar da ta ga rikicin da ya faru a Billiri a Fabrairu 2021 kan gadon sarautar Mai Tangale, duk filin da zai tara matasa Musulmi da Kirista suna tafa wa juna ba ƙaramin abu ba ne. Na kuma ga yadda taron ke cire wa wasu kunyar asalinsu. Yarinyar da ta saba ɓoye sunanta na gida, ranar za ka ji ta faɗe shi a lasifika da ƙarfi.

Gari ma yana ci. Mako guda kafin taron, ka leƙa shagon tela a Jekadafari, za ka tarar da yadi iri ɗaya an jibge a kan tebur, kowane ƙulli da takardar suna an maƙala da allura, tela yana taka keke yana amsa waya yana rantsuwa cewa gobe da safe za a samu. Mai lalle tana da layi tun daga asuba. Masu hayar kujeru da rumfa, da mai hoto, da mai kiɗan kalangu, da mai dafa dambu da masa, da mai ba da aron doki, duk suna samun rabonsu.

Amma kuɗin daga aljihun wa yake fita? Daga na ɗalibi, wato daga na mahaifinsa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin mai ya kusa ninkawa sau uku cikin 'yan kwanaki, kuɗin keke ya bi shi, kwanon shinkafa da na masara ma haka. Gwamnatin Tarayya ta kai ga buɗe asusun ba ɗalibai bashi a 2024 saboda da yawa ba sa iya biyan kuɗin rajista. A cikin wannan hali ne wakilin aji ke bi ɗaya bayan ɗaya yana karɓar kuɗin anko, da na abinci, da na kyautar manyan baƙi. A baki ana cewa ba dole ba ne. A aikace kuwa sunayen waɗanda suka biya ana jera su a rukunin WhatsApp, kowa yana gani. Ɗalibar da ba ta da shi sai ta ce ba ta da lafiya ranar. Taron da aka yi don kowa ya ji yana da wuri, ya koma yana tace masu hali daga marasa hali.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke cikin taron. A takarda za a rubuta ƙarfe goma, a fara bayan azahar saboda ana jiran babban baƙo. Mai gabatarwa zai kwashe rabin awa yana jera muƙamai. Shugaban taro, uban taro, uwar taro, wakilin ɗan majalisa, kowa sai ya yi jawabi. Kafin a kira masu rawa la'asar ta yi, sai a ce kowace ƙabila minti biyar. Su shigo, su zaga, a yi musu liƙi, su fita. Ba wanda ya faɗi sunan rawar, ko lokacin da ake yin ta, ko ta girbi ce ko ta aure ko ta makoki. Sau da yawa masu yin ta ma ba su sani ba, a waya suka kalla daren jiya. Kuma duk sanarwar da Hausa da Turanci ake yin ta. Za ka ga budurwa ta sha kwalliyar Fulani tsaf, da saƙi da ƙwarya da faifai, wani dattijo ya gaishe ta da Fulatanci, ta yi murmushi ta ce, "Baba, ba na ji sosai." Ba ita ce mai laifi ba. Hausa ta daɗe tana maye gurbin harsunan gida a birnin Gombe da manyan garuruwan jihar, kuma ni da nake rubutu da Hausa ba zan ɓoye wannan ba. Abin da nake cewa shi ne yini ɗaya na kwalliya yana iya kwantar mana da hankali mu zaci al'ada na nan lafiya, alhali harshen da ke ɗauke da ita yana ƙarewa a bakin jikoki.

Shigowar 'yan siyasa kuma ta biyo bayan kuɗi ne. Kwamitin da ba shi da abin biyan rumfa dole ya kai takardar gayyata gidan mai neman kujera, shi kuwa ya san darajar matasa ɗari biyu a wuri guda. Daga nan sai lambar yabo, sai sarautar ɗalibai, sai ƙungiya ta rabu biyu a shekarar zaɓe. Ɗalibi ya koyi cewa hanyar shirya taro ita ce roƙo.

An taɓa yin wata hanya a Arewa. A tsakiyar shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello ta gina dandalin wasan kwaikwayo da jar ƙasa, bisa fasalin gidan Bahaushe, ɗalibai kuma suka riƙa shiga Samaru da ƙauyukan kewaye suna tattara matsalolin manoma suna mayar da su wasa a gabansu. Makon Hausa na Jami'ar Bayero ya tara mawaƙa da marubuta da masana a gaban ɗalibai shekara da shekaru, kuma da yawa daga cikin waƙoƙin da ake nazari yau a irin waɗannan taruka aka fara rera su. Bambancin shi ne a can malamai sun sa hannu, aikin yana da alaƙa da darasi, kuma ana ajiye abin da aka samu.

Gombe ba ta buƙatar kwaikwayon Zariya, don darenta ba na Zariya ba ne. Tana da abin da ya fi: ɗaliban da kakanninsu ke raye a Deba da Bambam da Gelengu da Bajoga, tafiyar awa ɗaya ko biyu daga aji. Ina kira ga sassan tarihi da harsuna da su karɓi ranar al'adu su sa ta cikin aikin zango. Kowace ƙungiya, kafin a ba ta fili, ta kawo waƙa ɗaya ko tatsuniya ɗaya da ta naɗo daga bakin dattijon garinsu, da harshensu, da fassara, a ajiye kwafi a ɗakin karatu. Hukumar makaranta ta ba da zaure da lasifika kyauta, ta sa iyaka ga abin da za a karɓa daga ɗalibi, a kuma daina jera sunayen waɗanda suka biya. Jawabai kada su wuce biyu. A ware yammacin wata rana a mako, daga azahar zuwa la'asar, ba lacca ba gwaji, domin 'yar Jekadafari ta samu damar shiga ƙungiyar wasa ko ta muhawara ta kuma isa gida kafin magariba.