Alamar rayuwa a duniyar Mars da darasin dutsen Zagami

Tun da hukumar NASA ta Amurka ta sanar a watan Satumba na 2025 cewa na'urarta Perseverance ta samo wani dutse a kwarin Jezero na duniyar Mars mai ɗauke da abin da ka iya zama alamar rayuwa, labarin ya bazu da siffar da masanan ba su ba shi ba, wai an gano halittu.

Alamar rayuwa a wurin masana ita ce sinadarin da ƙananan halittu kan bari a wurin da suka ci suka rayu. Dutsen na Jezero yana da ɗigo-ɗigon ma'adinai biyu, ɗaya na ƙarfe da fosfaras, ɗaya na ƙarfe da farar wuta, tare da sinadaran kabon, kuma a doron ƙasa ƙwayoyin halitta da ke cikin laka kan samar da irinsu, amma tsananin zafi da haɗuwar sinadarai ma na iya samar da su ba tare da wani rai ba. Wanda ya hango duhu a saman unguwar Kakuri ta Kaduna lokacin hunturu ba zai yanke hukuncin gobara ba sai ya tantance hayaƙi ne ko hazo. A 1996 an yi irin wannan ɗoki kan wani dutsen Mars da aka tsinta a Antatika, daga baya akasarin masana suka ƙi amincewa da hujjar.

Arewa tana da nata kason a wannan ilimi, domin a ranar 3 ga Oktoba 1962 dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina, aka kai shi hukumar binciken ma'adinai ta Kaduna. Ba a tabbatar da asalinsa ba sai da aka gwada shi a ɗakin bincike, inda iskar da ke maƙale a cikinsa ta dace da wadda kumbunan Viking suka auna a Mars a 1976. Babu shaidar rai a cikinsa, kuma babban kasonsa yau yana ƙasashen waje, kamar wani dutsen Mars da aka tsinta a yankin Agadas, wanda aka yi gwanjonsa a Amurka a 2025 kan fiye da dala miliyan 5.

Ya kamata hukumomi su riƙa killace irin waɗannan duwatsu domin jami'o'in ƙasar nan, mai karatu kuma ya jira sakamakon gwaji kafin ya yaɗa labari.