Buxton, Mai Gandun Ingila da Gonarsa ta Lokoja

A farkon ƙarni na 19 majalisar dokokin Ingila zauren masu ƙasa ce. Doka ba ta yarda mutum ya wakilci gunduma ba sai filayensa na kawo masa fam 600 a shekara, mai wakiltar gari kuwa fam 300, kuma ba a fara biyan 'yan majalisa albashi ba sai 1911. Cikin wannan zaure Thomas Fowell Buxton ya zauna daga 1818 zuwa 1837 yana wakiltar Weymouth. An haife shi a 1786 a yankin Essex. Asalin dukiyarsa daga masana'antar giya ce ta Landan, inda ya zama abokin jari a 1811, ya kuma auri Hannah Gurney, 'yar gidan masu banki a Norwich. Da kuɗi suka zauna masa sai ya bi sahun attajiran zamaninsa, ya sayi filaye a Norfolk, ya dasa itatuwa, ya kafa gonakin gwaji a Runton da Trimingham. Wannan ido na mai gandu shi ya duba Afirka da shi, kuma daga nan dacewarsa da kuskurensa duka suka fito.

A 1823 Wilberforce, da tsufa ya kama shi, ya bar wa Buxton jagorancin yaƙi da bauta a majalisa. Bayan shekara 10 aka zartar da dokar 1833, wadda ta 'yanta bayi kimanin 800,000 a ƙasashen da Ingila ke mulka. Sai dai majalisar masu dukiya ce ta yi dokar, don haka ta ware fam miliyan 20 ta biya iyayengijin bayin diyya, su bayin ko anini ba su samu ba, har ma aka tilasta musu ci gaba da aiki da sunan koyon sana'a zuwa 1838. Buxton ya amince da diyyar don kada dokar ta faɗi. Masu kare shi suna cewa da bai sassauta ba da bayin sun ƙara shekaru cikin mari, kuma akwai gaskiya a nan. Amma sassaucin ya nuna cewa ko ga mai kishin bayi, haƙƙin mallaka abu ne da ba a taɓa shi sai an biya.

Da ya rasa kujerarsa a 1837 sai ya juyo ga tushen cinikin. Ya lura cewa jiragen yaƙin Ingila sun yi shekaru suna sintiri a teku amma jigilar bayi zuwa Brazil da Kuba ba ta tsaya ba. A littafin da ya kammala a 1840 ya kawo shawararsa: sarakunan Afirka suna sayar da mutane ne saboda ba su da wata hajar da ta fi riba, don haka a ƙulla yarjejeniya da su, a koya musu noman auduga, a buɗe ciniki, a haɗa da wa'azin Kirista. Gwamnati ta karɓa. A watan Agusta na 1841 jirage 3 masu tururi, Albert da Wilberforce da Soudan, suka shiga kogin Kwara. Suka ƙulla alkawari da Obi Ossai na Aboh da Attan Igala a Idah, suka sayi fili kusa da mahaɗar Kwara da Binuwai, wajen da Lokoja take yau, suka kafa gonar gwaji. Zazzaɓin cizon sauro bai bar su sun numfasa ba. Cikin Turawa 145 fiye da 40 suka mutu, aka watsar da gonar a 1842, Buxton kuwa baƙin ciki ya raunana shi har ya rasu a 1845. Wani abin da ya tsira daga tafiyar shi ne aikin J. F. Schön, ɗan mishan da ya yi ta tare da Samuel Ajayi Crowther, wanda daga baya ya wallafa nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876.

An saba ɗora wa sauro laifin rushewar shirin, amma ko da babu sauro lissafin yana da ɓaraka. Buxton ya ɗauka noma da bauta kishiyoyi ne, ɗaya ya shigo ɗaya ya fita. Wanda ya san ƙasar Keffi a wancan ƙarni ya san ba haka abin yake ba. Garin da Abdu Zanga ya kafa wajen 1800 yana ƙarƙashin Zazzau, kuma cikin gaisuwar da yake aikawa akwai bayi, waɗanda ake kamowa a hare-hare kan ƙabilun da ke kewaye. Da yawansu ba teku aka nufa da su ba. Rumada da gandayen sarakuna da attajirai aka kai su, suna noman hatsi da auduga da baba don masaƙa da marinan Kano da Zariya. A irin wannan tsari, duk lokacin da kasuwar amfanin gona ta buɗe, buƙatar hannun da zai yi noma ce ke ƙaruwa, kuma haka aka gani a kudu lokacin da cinikin manja ya bunƙasa. Manomin ƙasar Keffi na yau, mai noma gonarsa da iyalinsa ko da 'yan ƙodago, yana cikin tsarin da Buxton ya yi fata, amma ba ta hanyar da ya zana aka iso nan ba.

Mai karatu na iya cewa zalunci ne a jingina mulkin mallaka ga mutumin da ya mutu shekara 55 kafin Lugard ya ɗaga tuta. Hakika Buxton bai nemi a ci ƙasar kowa da yaƙi ba, shi ne ma ya jagoranci kwamitin majalisa da ya fallasa cin zalin da Turawa ke yi wa 'yan ƙasa a Afirka ta Kudu da Ostireliya. Sai dai niyya daban, hanyar da aka share daban. Buxton ne ya sa gwamnati ta saba da ƙulla yarjejeniya da sarakunan cikin ƙasa da mallakar fili a bakin Kwara da sunan ceton bayi. Likita Baikie ya biyo sawu a kogin a 1854 da kwinin, maganin zazzaɓi, a hannu, bai rasa mutum ko ɗaya ba, ya kuma zauna a Lokoja daga baya. Kamfanin ɗan kasuwa Goldie ya samu izinin mulki a 1886, kuma a Lokojar nan Lugard ya shelanta mulkin Arewa ranar 1 ga Janairu 1900. Da Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a Oktoban 1902 ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi, hujjar da Lugard ya gabatar ta cin Kano a Fabrairun 1903 ta haɗa kisan nan da batun harin bayi. Tun kafin cin Kano Lugard ya hana hari da kasuwar bayi, ya 'yanta 'ya'yan da za a haifa daga Afrilun 1901, amma ya bar waɗanda ke rumada a hannun iyayengijinsu don kada noma ya tsaya, sai wanda ya fanshi kansa. Ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936.