Ma'aikaci, duba alƙaluman fanshonka tun kana kan aiki

Kafin a kawo sabon tsarin fansho a shekarar 2004, ma'aikacin gwamnati a Najeriya ba ya sanin ko an tanadar masa fansho sai ya yi ritaya ya shiga layin tantancewa. Rashin bayani ne ya buɗe ƙofar wawure haƙƙin tsofaffi, har ta kai Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗora wa aikin gyara tsohon tsarin, kotu ta ɗaure shi shekara 8 a 2021 kan almundahanar fiye da naira biliyan 2. Kuɗin da mai shi ba ya ganin lissafinsa, shi ɓarawo ya fi so.

Dokar fansho ta 2014 ta tanadi a cire kashi 8 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, mai ɗaukar aiki ya ƙara kashi 10, a zuba su a asusun ma'aikacin cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi. Hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, kuwa tana fitar da rahoto duk wata da duk wata uku, kyauta a intanet: yawan kuɗin da aka tara, yawan masu rajista, inda aka zuba jari, da matsayin kowace jiha wajen bin tsarin. A ƙarshen 2024 kuɗin sun haura naira tiriliyan 22, masu rajista sun wuce miliyan 10. Sai dai a karanta da hankali. Rajista daban, shigar kuɗi daban, domin akwai wuraren aikin da ke cira ba sa zubawa. Fiye da rabin dukiyar kuma bashi ne da aka ba gwamnatin tarayya, sannan a shekarar da hauhawar farashi ta wuce kashi 30, ƙaruwar adadi ba ta nufin ƙaruwar abin da kuɗin za su saya.

Wasu kan ce bayyana alƙaluma tona asirin mutane ne. Ai jimilla ake wallafawa, babu suna babu lambar asusu, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙata, ita kanta ta kare sirrin mutum. Wasu kuma su ce talaka ba zai gane jadawalin Turanci ba. Wannan gaskiya ne, amma maganinsa ƙungiyoyin ƙwadago da gidajen rediyo su riƙa fassara rahoton da Hausa, su tambayi gwamnoni dalilin da jiharsu ta makara wajen bin tsarin.

Doka ta wajabta wa kamfanin da ke kula da fanshonka ya aiko maka bayanin asusu aƙalla duk wata uku. Gwada shi da takardar albashinka. In ka ga an tsallake wani wata ba a zuba ba, kai ƙara PenCom. In kamfanin ne bai gamsar da kai ba, kana da damar sauya shi sau ɗaya a shekara.