Cinikin Gona Da Sama A Ƙasar Kura Da Bunkure

 Ga bayani a kan wani ciniki da a ke yi dare da rana a ƙasar Kano, ba dillali, ba la'ada, ba kuwa wanda ya taɓa ganin hajar da idonsa.

Wanda ya fita Kano ta hanyar Zariya a tsakiyar bazara, ya haye gadar Tamburawa a ƙasar Dawakin Kudu, ya doshi Kura da Kadawa, zai tarar ƙasa ta rabu biyu. Nan ga fako da tushiyar dawa, ƙasa ta toye, iska kamar daga bakin murhu. Can kuwa kore shar, albasa da tumatir da masara da shinkafa, in mutum ya tsaya a bakin ruwa sai ya ji sanyi-sanyi ya na bugun fuskarsa. Alhali kuwa rana ɗaya ce ke dukansu duka biyu. To, ina zafin gonar mai ruwa ya tafi?

Asalin wannan ruwa sananne ne. A zamanin Gwamna Audu Bako aka tare Kogin Kano a Tiga, aka gama madatsar a shekarar 1974, aka haƙa babbar hanyar ruwa wadda manoma ke kira kanal, ruwa ya na gangarowa da kansa har ƙasar Bunkure da Garun Malam da Kura. An tsara kashin farko na aikin a kan hekta 22,000, Hukumar Kogunan Haɗejiya da Jama'are wadda aka kafa a 1976 kuwa ita ke riƙe da shi.

Amsar tambayar ta na cikin randa. Kowa ya san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi, domin randa ta na tsattsafo, iska ta na kwashe damshin, damshin nan kuwa ba ya tashi sai ya ɗebi zafi ya tafi da shi. Haka gona ta ke. Zafin rana in ya sauka a busasshiyar ƙasa ba shi da aiki sai gasa ƙasar da iskar da ke bisanta. In ya sauka a jiƙaƙƙiya kuwa, mafi yawansa ya kan ƙare wajen ɗaga ruwa sama. Ruwan kuma ba kaɗan ba ne. In tsawon milimita 5 ya tashi daga gona a wuni guda, abin da ba baƙo ba ne a lokacin zafi, to hekta ɗaya ta sallama wa sama lita 50,000 ke nan, watau jarka 2,000 irin ta 'yan ga-ruwa mai cin lita 25. Mai karatu ya riɓa wannan da dubban hekta ya gani.

Kada a ce hasara ce zalla, domin da wannan ruwa tsiro ke sayen abincinsa. A jikin kowane ganye akwai ƙofofi ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Ta nan tsiro ke jawo wata iska da masana ke kira iskar kabon, ya haɗa ta da ruwa da hasken rana ya gina kara da ganye da ƙwaya. Amma ƙofar ba ta buɗuwa don shigar kabon sai ruwa ya fita ta cikinta, kuma farashin da tsada: kafin tsiro ya tara kilo ɗaya na busasshen jiki sai ya biya ɗaruruwan kilo na ruwa. Kabon ɗin shi ne asalin gawayi, kusan rabin nauyin busasshen itace shi ne. Saboda haka buhun shinkafar da a ke dorawa a mota a kasuwar Kura, rabo mai yawa na nauyinsa daga iska ya zo, ba daga ƙasa ba. Sa'an nan in an ci, ko an ƙone, ko abu ya ruɓe, kabon ya koma inda ya fito.

Abin da ya sa masanan duniya suka matsa wa wannan lissafi shi ne iskar kabon ta na riƙe zafi kamar bargo. A shekarar 1958 wani Ba'amurke, Charles Keeling, ya fara auna ta a kan dutsen Mauna Loa a tsibirin Hawai, ya sami kashi 315 cikin miliyan. Kafin zamanin injuna wajen 280 ne, a 2024 kuwa ya haye 420, saboda ƙona kwal da man fetur da sare daji. Daga abin da 'yan Adam ke fitarwa kowace shekara, itatuwa da ciyayi da ƙasa su kan shanye fiye da rubu'i. Wani bincike na 2015 ya nuna cewa hawa da saukar wannan shanyewa daga shekara zuwa shekara, ƙasashe masu ƙarancin ruwa irin Sahel su ne suka fi juya shi: shekarar da damina ta yi albarka su sha da yawa, shekarar fari su mayar.

To, da wane mudu a ke auna abin da ba a gani? A kan kafa dogon ƙarfe a tsakiyar gona, ya ɗara tsayin shuka. A kansa akwai na'ura biyu. Ɗaya ta na auna motsin iska, ko sama ta yi ko ƙasa, ɗayar kuma ta na ƙirga kabon da damshin da ke cikin iskar, su na yin haka sau 10 ko 20 a cikin daƙiƙa guda. Iska ba ta tafiya a miƙe, murɗawa ta ke yi kamar 'yar guguwa. In wadda ke sauka ta fi wadda ke hawa kabon, an san gona ta na sha. In wadda ke hawa ta fi, gona ta na fitarwa. Kowane rabin sa'a a kan tara lissafin, kamar malamin ƙofa da ke rubuta shiga da fitar kaya, har shekara ta zagayo a ga riba ko faɗuwa. Irin wannan ƙarfe akwai ɗaruruwa a Turai da Amurka, na Afirka kuwa 'yan kaɗan ne.

Ƙasar Nijar na cikin wuraren da aka fi yin wannan aiki a yankin nan. A daminar 1992 masana daga Faransa da Ingila da Amurka da wasu ƙasashe suka taru kusa da Yamai da na'urori da jiragen sama, a aikin da aka sa wa suna HAPEX-Sahel. Daga baya, a 2005, aka kafa ƙarafa biyu a Wankama, kamar kilomita 60 gabas da Yamai, ɗaya a gonar gero, ɗaya a saura mai sabara. Awon shekaru ya nuna mafi yawan ruwan da ya sauka a wuraren nan biyu sama ya ke komawa, kuma saurar ta fi gonar gero mayarwa, domin sabara na da dogon saiwa, ta na ci gaba da jan ruwa bayan an girbe gero. Ke nan wanda ya sassabe saura ya mai da ita gona ya sāke yawan damshin da iskar garinsu ke samu, ko da bai nufa ba.

Akwai abin da ya fi wannan ban mamaki. A 2011 Christopher Taylor na Ingila da abokan aikinsa suka bi sawun hadari kusan 4,000 a Sahel ta hotunan tauraron ɗan Adam, suka ga hadari ya fi saurin haɗuwa, har ninki biyu, a inda jiƙaƙƙiyar ƙasa ta yi iyaka da busasshiya. Dalili kuwa iska mai sanyi ta kan kwararo daga jiƙaƙƙen wuri ta tura ta busasshen sama. Haka kuma a Sudan, a aikin ban-ruwa na Jazira da ya fara da madatsar Sinnar a 1925, ƙasar da Hausawa masu tafiya Makka a ƙasa suka daɗe su na yada zango har wasu suka zauna, Farfesa Elfatih Eltahir da abokansa sun bayyana a 2015 cewa ban-ruwan ya na rage ruwan sama a kan gonakin kansu, ya ƙara shi a gabashinsu wajen Gadarif. Amma fa a yi hattara: Jazira ta ninka aikin Kogin Kano kamar sau 40, ba daidai ba ne a ɗauki hukuncin giwa a ɗora wa akuya. Iyakar abin da za a ce shi ne iyakar kore da fako irin ta Kura da Bunkure ita ce irin wurin da ya cancanci a kafa masa ƙarfen awo, ga kuma tashar binciken ban-ruwa ta Jami'ar Ahmadu Bello a Kadawa a kusa.

Wannan magana ba ta masana ce kaɗai ba. Kowace jarka da ta tashi sama a Kura ba za ta isa Haɗejiya da Nguru ba. Tun da aka tare Tiga, aka kuma tare Challawa a 1992, ga kuma farin shekarun 1970 da 1980, ambaliyar da masunta da makiyaya da manoman fadamun can ke dogara da ita ta ragu, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Ko a cikin aikin kansa, mai gona a ƙarshen kanal ya san abin da na farkonta ke ja masa.

Shinkafa ita ce ta fi kowa shan ruwa, kuma ta na da wani aibi na ɓoye. In ruwa ya daɗe a kwance a fage, iska ba ta shiga taɓo, sai waɗansu ƙwayoyin halitta su riƙa cin ruɓaɓɓen abu su na fitar da wata iska da a ke kira metan, ita ce kumfar nan da ke tasowa in an taka taɓon kududdufi. A cikin shekara 100 ta fi iskar kabon riƙe zafi kamar sau 27, kuma wajen ushurin abin da 'yan Adam ke jawowa na metan daga gonakin shinkafa ya ke fita. Cibiyar binciken shinkafa ta ƙasar Filifin ta yaɗa wata dabara mai sauƙi. A sami guntun bututu mai tsawon santimita 30, a huda jikinsa, a kafa shi a fage. A bar ruwa ya janye har ya sauka santimita 15 ƙarƙashin ƙasa a cikin bututun, sa'an nan a sake ban-ruwa, sai lokacin da shinkafa ke fitar da kai, nan kam ba a barin ta da ƙishi. An gwada a ƙasashe da yawa, ruwa ya kan ragu har kusan sulusi, metan ya ragu da sulusi ko rabi, amfani kuwa bai faɗi ba in an kiyaye. Sai dai ba a ganin laifin manomin da ya ƙi. Mutumin da ba shi da tabbacin ranar da za a buɗe masa ruwa, in ya samu cika fage zai yi har ya tumbatsa. Gyaran rabon ruwa shi ne gaba da bututu.

Ƙasa ma rumbun kabon ce, shi ne baƙin nan da ke sa ta laushi ta riƙe damshi. A Samaru ta Zariya akwai filayen gwaji da aka fara tun 1950, wasu a na sa musu takin shanu, wasu takin zamani, wasu ba kome. Waɗanda ke samun takin shanu su ne suka fi riƙe kabon. Kakannin Kanawa da ke ɗauko taki daga birni a mangalar jaki ba su san sunan abin ba, amma aikinsa su ke yi. Mai cinna wa ragowar shinkafa wuta bayan casa kuwa jarin gonarsa ya ke aikawa sama. In ya ba dabba ta ci ta mayar masa taki ya fi.

Saura abin da ya shafi attajirai da malamai kai tsaye. Bayan yarjejeniyar Faris ta 2015, da dokar sauyin yanayi da Nijeriya ta yi a 2021, wani sabon ciniki ya na yaɗuwa: kamfanin da ke fitar da hayaƙi a wata ƙasa ya biya manomi a wata domin ya rage metan ko ya ajiye kabon a ƙasarsa, a na lissafi da tan-tan. Wanda ya karanta babin ciniki a Risala ko Muhtasar ya san ba a son garari, sai an san abin sayarwa da adadinsa, kuma mai sayarwa ya na da ikon miƙa shi. Yanke hukunci a kan wannan sabon abu na manyan malamai ne, amma ba za su iya ba sai sun fahimci yadda a ke awon. Tsoron kuwa ba na banza ba ne: a watan Agusta na 2024 hukumar Verra ta Amurka, mai rajistar irin wannan ciniki, ta yi watsi da ayyukan shinkafa 37 na ƙasar Sin, saboda an ƙara faɗin gonaki a takarda kuma ba a kawo shaidar abin da aka yi da'awa ba.

Saboda haka duk ƙungiyar manoma ta Kura ko Bunkure ko Dawakin Kudu da aka kawo wa irin wannan takarda, kafin shugabanta ya sa hannu ya kamata ya tambayi wanda zai yi awon da abin da zai auna da shi, da yawan shekarun da aka ɗaure gonar, da wanda zai ɗauki hasara in shekara ta zo da ƙarancin ruwa a Tiga har rabon ya rikice. A kuma nemi a karanta takardar da Hausa a gaban shaidu, a bar musu kwafi a hannu.