Samarin Baudeta tsakanin gona da dandali

A kowace shekara idan lokacin kokowar takobi ya zo, ƙasarmu duka takan tattara hankalinta wuri guda. Ma'aikaci a ofis, ɗan kasuwa a rumfa, makiyayi a bakin rijiya, kowa kunnensa na ga rediyo, yana jiran ya ji wanda ya yi kaye da wanda ya sha ƙasa. Amma kaɗan ne daga cikinmu suke tsayawa su tambayi kansu inda waɗannan ƙarfafa suke fitowa. Babu ɗan kokowar da ya fara a babban fili gaban gwamna da ministoci. Kowannensu ya fara ne a rairayin ƙauyensu, da farin wata, gaban tsofaffi da ƴan mata. Domin mu ga wannan tushe da idonmu, yau za mu nufi Baudeta, mu bi saurayin ƙauye tun daga faɗuwar ruwan shuka har zagayowar shekara.

Baudeta komin ce ta karkara a gundumar Tasawa, cikin jihar Maraɗi, kudu da garin Tasawa, ba nisa da iyakar Nijeriya. Tana cikin komin bakwai na gundumar, tare da Tasawa, Korgom, Kona, Hawandawaki, Maijirgi da Urafan. Mutanenta manoma ne da masu kiwo. Gero da dawa su ne abinci, wake da gyaɗa da riɗi su ne kuɗi. Kamar sauran ƙasar Nijar, inda wajen rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, yara da samari sun fi yawa a kowane gida.

Damina: aiki kafin wasa

Saurayin Baudeta ba ya bukatar kalanda, sama ce take tsara masa shekara. Da ruwan shuka ya sauka, galibi cikin watan Yuni, wasa ya koma gefe. Da asuba zai yi salla, ya saɓa hauya, ya bi mahaifinsa da ƴan uwansa zuwa gandu, wato babbar gonar gida wadda kowa yake ci daga rumbunta. Ana noma har rana ta take, a sha fura a gindin gawo, a koma. Bayan noman fari sai maimai. A ranakun da mai gida ya sake shi, saurayi yakan shiga gamanarsa, ƴar gonar da aka yanka masa domin kansa. Abin da ya samu a nan nasa ne: da shi yake ɗinka tufafin salla, da shi yake sayen tunkiyar kiwo, da shi kuma yake fara tara kuɗin aure.

Duk da haka damina ba ta rasa kiɗa. Idan noman wani dattijo ya fi ƙarfinsa, ko saurayi yana son ya burge surukansa, sai a kira gayya. Samari su jeru a bakin gona, makaɗin noma yana bayansu da ganga, yana kiran kowa da kirarinsa, yana yabon na gaba, yana yi wa na baya zambo. Gonar da za ta ci mutum ɗaya mako guda sai a gama ta kafin azahar. A nan ne ake fara gane mai ƙarfi da mai juriya, kuma sau da yawa wanda ya yi fice a gayya shi ne zai yi fice a fagen kokowa. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kaka: lokacin dandali

Daga watan Oktoba, idan aka yanke gero, aka ɗaure damma, amalanke ta kwaso su zuwa rumbu, sai gari ya ɗauki wani sabon rai. Ciki ya cika, jiki ya yi ƙarfi, dare ya yi sanyi. Bayan sallar isha'i kalangu yakan tashi a dandali. Ƴan mata su yi da'ira suna gaɗa da tafi, yara ƙanana su kama ƙafa ɗaya suna langa, samari kuma su share fage.

Kokowar ƙauye tana da tsarinta. Ƙanana suke buɗe fage, sa'an nan matasa, manya su zo daga ƙarshe. Ɗan kokowa zai ɗaura walki da layunsa, ya shiga tsakiya, ya yi kirari, ya miƙa hannu ga wanda yake so su kara. Wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa shi ya ci. Tsofaffin ƴan kokowa suna zaune a gefe, su ne alƙalai, su ne masu raba gardama. Ƙauye yakan aika wa ƙauye goron gayyata, baƙi su zo da makaɗansu, a sauke su, a ciyar da su, a kara, a rabu lafiya. Wanda aka kayar ya tashi ya kakkaɓe jikinsa, ya gaida wanda ya kayar da shi, ya jira baɗi. Yaron da ya koyi shan kaye ba tare da ya zaro wuƙa ba ya koyi abin da zai amfane shi har tsufansa, a kasuwa da gidan aure da wurin shari'a.

Daga irin wannan fage ne hanya take tashi zuwa sama. A 1975, zamanin marigayi shugaba Seyni Kunce, aka yi gasar kokowa ta ƙasa karo na farko a Tawa, kuma ɗan jihar Maraɗi, Yakuba Kantu, shi ne ya ɗauki takobin farko. Filin kokowa na birnin Maraɗi da sunansa ake kiransa. Bayansa an ga irin su Salma Ɗan Rani na Doso da Kadade na Tawa, har zuwa Isaka Isaka na Doso, wanda ya ɗauki takobinsa na 6 a Agadas a ƙarshen 2023. Kowace jiha daga cikin jihohi 8 takan kawo ƴan kokowa 10, kuma kafin a tsayar da goman nan sai an yi tankaɗe da rairaya tun daga gundumomi. Ashe saurayin da yake kokowa yau a dandalin Baudeta yana kan matakin farko na tsanin da Kantu ya hau. Idan ya ji muryar Sagalo, mawaƙin ƴan kokowa, a rediyo, ko ya ga cali-cali suna kwaikwayon manyan ƙarfafa suna ba jama'a dariya, ya san cewa wannan duniya ba ta fi ƙarfinsa ba.

Dara, ƙwallo da shayi

Da hantsi, idan babu aikin gona, za ka tarar da samari a inuwa sun haƙa gurabe 30 a ƙasa suna dara. Kowane ɗan wasa yana da ƴaƴa 12, wannan da tsakuwa, wancan da guntayen kara. Wanda ya jera uku a layi ɗaya sai ya cire ɗan abokin wasansa. Wasa ne na lissafi da haƙuri, kuma a nan ne saurayi yake iya zama da sa'an mahaifinsa su gwada basira ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba.

Da la'asar kuwa ƙwallo ce take da fili. Sanduna biyu sun isa raga, takalmi ba dole ba ne. Unguwa takan kara da unguwa, ƙauye da ƙauye, a tara kuɗi a sayi kofi ko rago. Zuwan Mena gasar kofin Afirka a 2012 da 2013 ya ƙara wa yaran karkara ƙwarin gwiwa. Inda aka samu mai faranti mai aiki da hasken rana da akwatin talabijin, samari sukan biya ƴan kuɗi su kalli Real Madrid da Barcelona, a fito ana musu har tsakar dare.

Musun nan a fada yake ƙarewa. Fada ita ce majalisar samari: tabarma ko benci, gawayi, ƴar buta, da shayi hawa uku, na fari mai ɗaci, na ƙarshe mai zaƙi. Irin wannan zama ya bazu a ƙasarmu tun shekarun 1990, bayan da Samariya ta ja baya. Manya suna tunawa da lokacin da kowane gari yake da sarkin samari, ana gina azuzuwan lakwal da aikin gayya, ana shirya wasanni domin bukin matasa na ƙasa, wanda aka fara a Damagaram a 1976. Wasu dattawa suna kallon fada a matsayin wurin zaman banza. Gaskiya akwai fadar da ba ta da aiki sai gulma. Amma akwai wadda take da asusu, take taimakon ɗan uwa ranar aure ko suna, take share maƙabarta, take yashe rijiya. Ruwan da ke cikin Samariya bai ƙafe ba, tulu ne ya sake.

Kiɗa ma ya sake kama. Uban saurayin yau da kaset ɗin Mamman Shata da na Ɗan Gurmu ya tashi. Ɗansa kuwa wayar salula ce a aljihu. Ranar kasuwa zai kai katinsa wurin mai tura waƙa, a cika masa shi da waƙoƙin Nura M. Inuwa, Hamisu Breaker, Ali Jita, da Fati Nijar, ƴar Maraɗi wadda ta yi suna a Kano, tare da finafinan Hausa da wa'azi da hotunan kokowar bara. Sai dai ranar buki, ko da an kawo manyan lasifikoki, idan mai kalangu bai zo ba tsofaffi sukan ce ba a yi buki ba.

Rani: gari ya zama na tsofaffi

Ga inda damuwa take. Lokacin da dandali ya kamata ya cika, a lokacin ne yake fara zama kango. Jama'a sun ƙaru, gonaki sun tsuke, ƙasa ta gaji, abin da aka girbe a gidaje da yawa ba ya kai wa wata damina. Saboda haka da an rufe rumbu sai samari su ɗaure ƙunshi su tafi cin rani. Wasu Katsina da Kano, wasu har Ikko, wasu Maraɗi da Yamai, wasu Agadas da Libiya da Aljeriya, wasu kuma wuraren haƙar zinariya na arewa tun da aka gano ta a Jado a 2014. Can za su yi ga-ruwa, dako, sayar da shayi, tuƙin kabu-kabu ko aikin gini.

Ba za mu zargi saurayin da ya tafi ba. Bakinsa ɗaya da ya rage a gida sauƙi ne ga rumbu, kuɗin da yake aikowa kuma su suke sayen hatsi a bazara. Amma tafiyar tana da tsada. Rufe iyakar Nijeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sun nuna yadda abincin gida yake rataye da hanyar da ba a hannunmu take ba. Faɗuwar naira takan cinye wahalar wata da watanni kafin a canza ta zuwa sefa. Wasu sukan dawo da ciwo, wasu da shaye-shayen ƙwayoyi, wasu ba su dawowa. A gida kuma makaɗi ya rataye gangarsa don babu mai yi masa kari, yara sun rasa wanda zai koya musu kamun kokowa, fagen da aka share ya cika da shara. Idan aka yi shekaru a haka, wa zai gaji Kantu?

Abin da za a iya yi

Saurayi ba zai zauna don kokowa kaɗai ba, sai in akwai abin da zai sa a baki. Bayan farin 1984 hukuma ta yi kira ga noman rani, kuma duk inda ruwa yake kusa, lambu ya riƙe mutane a gida. Kiwon turka na raguna domin babbar salla sana'a ce da saurayi zai iya yi da harawar wake da ta gyaɗa daga gamanarsa. A ƙasar Mayahi, maƙwabciyar Tasawa, kwarin Gulbin Kaba yana ba jama'a kaba ta saƙar tabarma da tufkar igiya. Manoman jihar Maraɗi kuma sun nuna wa duniya cewa barin ƴan itatuwa su tofo a gona lokacin sassabe yana maido da ƙarfin ƙasa, ya ba da itacen wuta da abincin dabbobi. Waɗannan duka ayyuka ne na masu ƙarfi a jika.

Sa'an nan muna kira ga shugabannin komin da sarakunan gargajiya su keɓe wa kowane babban ƙauye filin wasa, a rubuta shi a takarda, don kada wata rana a wayi gari an yanka shi gonaki ko filayen gida. A tsayar da lokacin gasar kokowa da ta ƙwallo tsakanin ƙauyuka tun da kaka, kafin samari su watse, a sanar da ranakun da wuri. Kyautar ba sai ta yi yawa ba: buhun gero, rago ko keke sun isa. Ma'aikatan wasanni na gunduma su riƙa leƙa waɗannan fagage da kansu, kada su jira sai wanda ya iya biyan kuɗin mota ya zo Tasawa.

Ku kuma ƴan uwa da kuka sauke karatun yaƙi da jahilci, kuna da naku rabon aikin. Fada tana bukatar mai rubuta asusu, ƙungiyar ƙwallo tana bukatar mai rubuta sunaye, ɗan kokowa yana bukatar wanda zai karanta masa takarda kafin ya sa hannu. Ku kai allo da alli wurin shayi. Saurayin da ya iya haddace sunayen ƴan wasan Turai goma sha ɗaya ba zai kasa haddace baƙaƙe da wasula ba, kuma ranar da ya iya rubuta saƙo da karanta lissafin kuɗinsa a waya, babu mai cutarsa a tasha ko a bakin iyaka.

Takobin da muke tafa wa a babban fili, a dandalin ƙauye ake fara wasa shi. Mu kula da dandalin, mu kula da masu shigarsa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya maido da matafiyanmu gida lafiya, amin.