3.2 Cutar Kumburin Ƙwaƙwalwa ta Japan

A wannan sashe za a yi bayani a kan cutar kumburin ƙwaƙwalwa ta Japan, wadda ƙwayar bairos ke haddasawa, sauro kuma ke yaɗawa. An raɗa mata wannan suna ne saboda a ƙasar Japan aka fara bayyana ta a shekarar 1871, kuma a can ta yi mummunar ɓarkewa a 1924. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ƙasashe 24 na Asiya da yammacin tekun Pasifik a matsayin wuraren da cutar ke yaɗuwa.

3.2.1 Yadda Take Yaɗuwa

Sauron da ke ɗaukar ta shi ne jinsin Kuleks, wanda ke hayayyafa a ruwan da ke kwance cikin gonakin shinkafa, yana kuma cizo daga magariba zuwa asuba. Ƙwayar cutar takan yawaita a jinin aladu da tsuntsayen bakin ruwa irin su balbela da zalɓe. Idan sauro ya ciji ɗaya daga cikinsu, sannan ya ciji mutum, sai ya sa masa ita. Shi kuwa mutum, ƙwayar ba ta yawaita a jininsa har wani sauro ya ɗauka ya kai wa wani. Wannan ne ya sa cutar ta fi tsanani a karkara, inda gona da garken aladu da gida suke kusa da juna. A 2022 ma, a gonakin aladu aka gano ta a kudu maso gabashin Ostireliya.

3.2.2 Alamominta

Galibin waɗanda suka kamu ba sa nuna wata alama. Kimanin mutum 1 cikin 250 ne ciwon ke tsananta gare shi, inda yakan yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya da jijjiga, har ya kai ga doguwar suma. Cikin irin waɗannan, har kashi 30 cikin ɗari na iya rasuwa, wasu kuma su tsira da shanyewar gaɓoɓi ko matsalar magana. Yara ƙanana ne suka fi kamuwa.

3.2.3 Rigakafi

Babu maganin da ke kashe wannan ƙwayar cuta. A asibiti ana dai tallafa wa majiyyaci ne har jikinsa ya farfaɗo. Haka kuma, killace majiyyaci ba ya hana yaɗuwarta, tun da tushenta yana jikin dabbobi. Saboda haka allurar rigakafi ga yara ita ce babbar kariya. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurar SA 14-14-2 da ake yi a ƙasar Sin. Bugu da ƙari, kwana cikin gidan sauro da nisanta garken aladu daga gidaje suna rage haɗarin kamuwa.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa, ko da an yi shekaru ba a ga majiyyaci ba a wani yanki, ƙwayar tana nan a jikin aladu da tsuntsaye, don haka bai kamata a dakatar da yi wa yara allura ba.